Kwalin sadaka da ciwon sukarin tsofaffinmu a Makka

Duk wanda ya san unguwar Shara Mansur ko Misfala a Makka ya san abin da ke cikin kwalin sadaka idan azumi ya ƙarato: shinkafa, sukari, man girki, taliya, wani lokaci har da kwalbar Vimto. Allah ya saka wa masu bayarwa. Amma a dubi mai karɓa. Sau da yawa tsohuwa ce da ta haura sittin, likita ya riga ya ce tana da ciwon sukari ko hawan jini, kuma abin da ke kwalin nan shi za ta ci har ya ƙare. Ka ce mata "Hajiya, a rage shinkafa", ta ce maka, "To ɗan nan, in ci me?"

Gaskiyarta. Shi ya sa nake ganin masu haɗa kwalin ya kamata a fara yi wa wa'azin cin abinci mai kyau. A 2017 Saudiyya ta ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari kan lemon kwalba, a ƙarshen 2019 ta faɗaɗa shi zuwa sauran abin sha mai sukari, don a rage sha. Mu kuma muna kai wa masu ciwon kyauta har ɗaki. Da kuɗin sukari da Vimto ana iya sayen adas da ful (nau'o'in wake ne) da kifin gwangwani. Kuka da busasshiyar kuɓewa ma ba su yanke a unguwanninmu ba, sai dai a rage zuba dunƙulen magi saboda gishirinsa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya.

Motsa jiki kuwa, hukumar ta ce aƙalla minti 150 a mako. Maza suna samun wani abu daga zuwa masallaci sau biyar. Mata ne abin ji. Da zafi ya haura digiri 40, tsohuwa sai ta wuni kan katifa gaban fanka, gwiwa na ƙara sandarewa. Kuɗin gidan motsa jiki ba shi ne matsalarta ba; abokin tafiya ta rasa. Jika ɗaya ya riƙe hannunta bayan isha'i, su zaga layi na rabin awa, kwana biyar a mako, lissafin ya cika.