"Ai Ba Ya Ciwo": Magana Kan Jinin Dasashi

Ranar nan a wurin alwala na ga wani saurayi, ya sha shadda har da hula zanna, ya gama goga aswaki ya tofar, sai ga yawun jawur. Na ce masa, "Malam, dasashinka na jini fa." Ya yi murmushi ya ce, "Haka yake tun ina sakandare, ai ba ya ciwo." Wannan amsar ce ta sa ni wannan rubutu, don na san ba shi kaɗai ba ne. Da yawanmu in farce ya yi jini sai mun nemi magani, amma baki ya shekara goma yana jini ba mu damu ba.

'Yan'uwa, lafiyayyen dasashi ba ya jini. Farin dattin nan mai yauƙi da kake kankarowa da farce a gindin haƙori, tarin ƙwayoyin cuta ne, kuma mazauninsu shi ne daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. In aka bar shi 'yan kwanaki sai ya daskare ya zama kantsa, ita kuwa kantsa buroshi ba ya fitar da ita ko za ka kwana kana dirza. Daga nan dasashi ya kumbura, ya yi ja, ka gatsa rake ko goriba ka ga jini. A wannan matakin abin da sauƙi, sati ɗaya zuwa biyu na wanke baki yadda ya kamata kan isa. In an yi sakaci, dasashin ya fara sakin haƙori. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: dattin ya gangara ƙasa, ya riƙa cin ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori a hankali, ƙashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa da kansa. Haƙori garau, babu ko ɗigon rami, sai ya kama girgiɗa, a ce tsufa ne, alhali mutum bai cika 45 ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa masu fama da tsananin wannan ciwo sun kai kusan mutum biliyan 1.

Kuskuren da na fi gani iri biyu ne. Wani in ya ga jini sai ya daina taɓa wurin, wai kada ya fama. To wurin ne ya fi buƙatar a wanke. Wani kuma sai ya sayo buroshi mai tauri kamar na wanke takalmi, ya haɗa da gawayi ko toka, don haƙori ya yi fari a hoto. Dasashi nama ne, ba gindin tukunya ba. Nemi buroshi mai laushi, ka ɗan karkata bakinsa wajen dasashi, ka bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, waje da ciki, har na can ƙurya, tsawon minti 2. Sau biyu a rana, kuma na dare ya fi na safe muhimmanci, don yawu kan ragu a lokacin barci. Ka sha shayi mai sukari cokali huɗu wajen mai shayi, ka zo ka kwanta haka nan, ka yi wa ƙwayoyin cuta walima ke nan har asuba. In ka gama, tofar da makilin ɗin kawai, kada ka kuskure da ruwa nan take. Buroshi kuma bayan wata 3 a sake shi. Tsakanin haƙora, zaren sakace ya fi tsinken ashana da allura.

Aswaki kam ba mai ja da shi. Manzon Allah (SAW) ya ce ba don gudun tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da yin aswaki a kowace sallah. Sai dai rataya shi a gefen baki ana hira ba shi ne yi ba. A goga, a wanke shi, a yanke bakinsa in ya tsufa, kada a jefa shi aljihu tare da canji.

Masu shan sigari, ku kuma taku ta fi wuya, don taba na ɓoye jinin, ciwon na ci ba ku sani ba. Mai ciwon suga da mai juna biyu su ma dasashinsu na saurin kumbura.

Sai yara, inda muke cewa "ai haƙoran nono ne, zubewa za su yi". Tun kafin haƙori ya fito, uwa ta riƙa share dasashin jariri da tsumma mai tsabta. Da na farko ya leƙo, wajen wata 6, a fara buroshi da makilin kamar ƙwayar shinkafa. Daga shekara 3 a ƙara ya kai ƙaramin ƙwayar wake. Yaron da bai kai 7 ba tsotsar makilin kawai yake yi, babba ne zai goge masa, ko yayarsa ko babansa, ba lallai sai uwa ba. Kada a raina kumburin dasashi da warin baki ga yaro, musamman mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda. Haka ciwon noma mai zaizaye fuska ke farawa, galibi ga 'yan shekara 2 zuwa 6, cikin 'yan kwanaki ya huda kumatu. A Sakkwato akwai asibiti sukutum don wannan ciwo, a Disambar 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Irin wannan yaro a kai shi asibiti ranar da aka gani, ba a jira gobe.

Kai kuma babba, in ka yi sati biyu kana wankewa da kyau jinin bai tsaya ba, je wurin likitan haƙori ya kankare maka kantsar. Masu cewa wankin asibiti na sa haƙori girgiɗa, da ma can ƙashin ya riga ya tafi, kantsar ce ta rufa asiri.