Malam ya ce bai san komai ba, ku kuma kun haɗa shi da zakaran duniya

Abin da aka yi wa Malam a zauren tsofaffin ɗalibai shekaranjiya bai yi ba, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka yi shi. Waɗanda ke ciki sun gani da idonsu. Dattijo ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da mu lissafi a garin nan na Katsina, ya yi ritaya, ya ce yana son abin da zai riƙa motsa ƙwaƙwalwa tsakanin La'asar da Magariba, 'yarsa da ke aure a Ingila ta ce mashi ya gwada birij, wani wasan karta na mutum huɗu. Tambaya guda ya yi mana: wace manhaja zan sauke, ni ban san komai ba? Ban san komai ba fa ya ce, da Hausa, ba da Larabci ba.

Sai ga masana sun fito. Injiniya ya ce a nemo mashi Jack, ai ita ce ta sha lashe gasar duniya ta kwamfutoci. Wani ya ce a'a, WBridge5 ta fi, ita ma ta ci gasar, kuma kyauta ce. Na uku, wanda ya fi kowa ƙarfin hali, ya ce duk ɓata lokaci ne, Malam ya shiga intanet kawai ya zauna da mutane, a tebur ake koyo. Malam ya ɗauki maganar na ukun. Ya shiga wani dandali, ya zauna da mutum uku da bai san ko daga wace ƙasa suke ba, tun bai gama jera katinsa ba abokin wasansa ya fara aiko mashi da alamar tambaya, kafin a gama rabo na biyu an tashe shi daga teburin. Yanzu ya ce ya haƙura, wai abin ba na tsofaffi ba ne. An ce matambayi ba ya ɓata. A zaurenmu matambayi shi ke fara ɓata.

Mai koyo ba manhaja mai ƙarfi yake nema ba. Manhaja mai bayani yake nema. Wannan ita ce maganata, kuma zan yi ta nanata ta har ku gaji.

Ba na musun cewa Jack ta ƙware. 'Yan Holan ne suka rubuta ta, WBridge5 kuma daga Faransa take, dukkansu sun yi suna a gasar. To sai me? Ku san yadda irin waɗannan manhajoji suke tunani tukuna. Ba ƙa'ida suke bi irin wadda malami zai rubuta a allo ba. Kwamfutar ba ta ganin katin abokan hamayya, saboda haka sai ta ƙirƙiro rabe-rabe masu yawa waɗanda suka dace da abin da aka faɗa da abin da aka jefa, ta warware kowanne kamar dukkan kati a buɗe yake, sannan ta zaɓi katin da ya fi cin nasara a mafi yawansu. Da wannan dabara manhajar GIB ta Matthew Ginsberg ta yi fice tun ƙarshen shekarun 1990. Dabara ce mai kyau wurin cin wasa. Amma ka tambaye ta me ya sa ta jefa 7 ba ta jefa 9 ba, ba ta da abin da za ta ce maka wanda zai amfane ka gobe. Za ta cinye Malam sau ɗari, kuma a karo na ɗari da ɗaya bai san abin da ya ɓata ba. Wanda ya zo koyon keke kun miƙa mashi makullin tirela, kuna ta yabon ƙarfin injinta.

Kuma birij ba wot ba ce da za ka tsaya bayan mutane a majalisa minti goma ka gane ta. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Kati 52, kowa 13. Wasa biyu ne a cikin wasa ɗaya. Na farko gwanjo: kowane ɓangare yana tayi, yana alkawarin zagaye nawa zai ci daga cikin 13 (zagaye shi ne kowa ya jefa kati ɗaya, mafi ƙarfi ya ci), da kuma kalar da za ta zama mai yanka, wato wadda ke cinye sauran kaloli. Na biyu jefa katin kansa, inda abokin wanda ya ci gwanjon yake baje katinsa a tebur kowa ya gani, shi kuma mai alkawarin ya sarrafa hannu biyu. Tayin nan iri 35 ne, kuma kusan kowanne saƙo ne zuwa ga abokinka, ba farashi kawai ba. Harshe ne sukutum. Tun da Harold Vanderbilt ya tsara lissafin makin wasan a 1925 mutane ke ta ƙara wa harshen nan ƙa'idoji, har yau ba su gama ba.

To wa ya ce da gwanjo ake farawa? Nan ne duk kuka kauce hanya. Mutum bai san yadda ake cin zagaye ba, ta yaya zai yi alkawarin cin goma? Shi ya sa a Faransa da Holan aka fito da abin da ake kira Minibridge domin yara da sabbin shiga. Babu gwanjo sam. Kowa ya ƙirga makin hannunsa, A maki 4, K maki 3, Q maki 2, J maki 1, jimla 40 a kati duka. Kowa ya faɗi nasa a fili, ɓangaren da ya fi yawa shi ke da wasa, a baje kati, a zaɓi kala mai yanka, a fara jefawa. A zaman farko mutum ya fara wasa, ya fara jin daɗi. A nan zai gane cewa idan A da Q suna hannun da aka baje, K kuma tana wurin abokan hamayya, to ƙaramin kati ake turawa daga ɗaya hannun zuwa wurinsu, in K tana hannun wanda zai jefa kafin su, Q ta ci. Rabi da rabi ne, amma ya fi ka buga A ka zauna kana addu'a. A nan zai gane cewa idan shi da abokinsa suna da kati 8 a kala ɗaya, saura 5 a waje, kuma kusan kashi 68 cikin ɗari za su rabu ne 3 da 2. Ku gaya mani, malamin lissafi ya ji wannan ya ce abin ba na tsofaffi ba ne? Wallahi da nan aka fara da shi, da yanzu shi ke damunmu da saƙo tsakar dare.

Manhaja mai bayani. Wadda za ta tsayar da kai ta ce a'a, koma baya, ga dalili. Wadda ba ta da agogo, ba ta da baki, ba ta tashin kowa daga tebur.

Kuma akwai su, ba wai babu ba. Ƙungiyar birij ta Amurka, ACBL, ta daɗe da fitar da Learn to Play Bridge kyauta, Fred Gitelman ne ya rubuta ta. Tsohuwa ce, ta kwamfuta ce, fuskarta ba kwalliya, amma tana farawa ne daga mene ne zagaye, tana tafiya darasi bayan darasi, tana yi maka tambaya tana gyara ka. Wanda waya kawai gare shi, akwai Tricky Bridge, ita ma domin wanda bai taɓa riƙe katin ba aka yi ta, da gajerun darussa. Idan mutum ya ɗan miƙe, sai Bridge Master, aikin Gitelman ɗin dai, tana cikin sashen atisaye na Bridge Base Online, wani dandalin birij a intanet, matakai 5 gare ta, daga mai sauƙi zuwa na gwanaye. Abin da ya sa nake ƙaunarta shi ne ba ta barin sa'a ta rufa maka asiri. In ka bi hanyar da ba daidai ba, sai katin abokan hamayya ya zauna yadda dole ka faɗi, sannan ta nuna maka hanyar da ta dace da dalilinta. Malami kenan. Bayan wannan ne Funbridge take da amfani, inda kake wasa da kwamfuta a natse, ka ajiye in an kira salla ka dawo, sannan ka kwatanta sakamakonka da na sauran mutanen da suka buga rabon da ka buga. Zama da baƙi a intanet shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Na ƙarshe.

Na san abin da Injiniya zai ce, don ya riga ya fara a saƙon sirri. Wai in ka koya da mai rauni za ka ɗauki ɗabi'ar mai rauni. Haba Injiniya. Mutum bai san kala mai yanka ba, kana tsoron kada salon wasansa ya lalace? Wane salo? Bari a samu salon tukuna, sai mu yi kukan lalacewarsa.

Wani kuma ya ce shi ai a tebur ya koya, ba wanda ya lallashe shi. Madalla, Allah ya ƙara basira. Kai kana da shekara ashirin lokacin, a ɗakin kwanan ɗalibai, da abokai uku da za su zage ka ku yi dariya ku tafi cin abinci tare. Ba daidai yake da dattijo shi kaɗai a falonsa, wani da bai san darajarsa ba yana aiko mashi da alamar tambaya. Mutumin da ko Kantoma ya gan shi sai ya rusuna.

Ga wani abu da ko ɗayanku bai ambata ba, alhali ya fi sunan manhaja muhimmanci. Harshen gwanjon nan ba ɗaya ba ne a duniya. A Ingila yawanci Acol ake koyarwa, tsarin da ya samo suna daga wani kulob a titin Acol a Landan. A Amurka tsarinsu daban. Tayi guda, wanda ake rubutawa 1NT, a Acol yana nufin maki 12 zuwa 14, a tsarin Amurka na yau yana nufin 15 zuwa 17. 'Yar Malam a Ingila take. In har burinsa wata rana ya zauna da ita su yi wasa, sai a tambaye ta wane tsari take bi, a nemi manhajar da za a iya saita ta a kansa, a tsaya a nan. Ba littafin Ingila a hannun dama da manhajar Amurka a hannun hagu ba, mutum ya rikice ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta tsufa. Ba wanda ya tambayi Malam wannan. Ba wanda ya tambaye shi waya gare shi ko kwamfuta, ko yana iya biyan kuɗin wata-wata da Dala, ko idonsa na ganin ƙananan rubutu. Kowa abin da ya sani ya zo nunawa.

Sai masu cewa karta caca ce. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, kowa ya tambayi malaminsa, kuma Malam ya fi ni sanin inda zai kai tambayarsa. Abin da na sani shi ne a gasar birij ba kuɗi ake zubawa a tebur ba. Rabo ɗaya ake bugawa a tebura da yawa, a duba wa ya fi iya sarrafa katin da aka ba kowa, don a rage wa sa'a ƙarfi. Hukumar wasannin Olamfik ta amince da ƙungiyar birij ta duniya tun 1999, kuma an buga shi a wasannin Asiya na 2018 a Jakarta. Masu cewa wasan Turawa ne kuwa, a Katsina kuke faɗin haka? Garin da Sarki Dikko ya kafa wa folo gindi, Sarki Usman Nagogo ya yi suna da ita har ƙasashen waje? Ku bari don Allah.

Allah ya gafarta Malam, in wannan rubutu ya iso gare ka, don na san akwai masu kai maka rahoto, ka yi haƙuri. Ba kai ne ka gaza ba, mu ne ba mu iya ba da amsa ba. Kai ka koya mana cewa ba a shiga aljabara sai an iya jadawalin sau, kuma ba ka taɓa korar ɗayanmu daga aji don ya yi jinkirin amsa ba, ko da yake bulala kam mun sha. Ka ba ni izini in zo ranar Asabar bayan La'asar da kati na takarda da mutum biyu, mu baje a tabarma ba gwanjo, sannan in saka maka darussan a waya. Shayi kawai za ka tanada.

Wannan ma ya tuna mani da wani abin haushin. Duk manhajojin nan da nake lissafawa, na Holan, na Faransa, na Amurka, mutane ne suka zauna suka rubuta wa wasan kakanninsu. Mu ina tamu ta dara? Gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci na abokin karawa, ƙa'idojin ba su kai rabin na birij wahala ba. Kowace shekara yaranmu masu karatun kwamfuta suna kammalawa daga Katsina zuwa Daura zuwa Dutsin-Ma, kuma in ka tambayi aikin kammalawa, sai ka ji manhajar ajiye sunayen ɗalibai ko ta biyan kuɗin otal, wadda aka kwafo daga ta bara. Tsofaffin da suka iya dara ta gaske suna nan a gindin bishiya wajen Ƙofar Soro da Ƙofar Marusa, suna ta raguwa, ba wanda ya je ya zauna da su da littafi da biro. Injiniya, kai da ka san duk zakarun duniya, ga aiki nan. In ka rubuta ta ni zan fara saukewa, amma ka sa mata maɓallin komawa baya, kuma kada ta cinye data.