Alhaji Ya San Teku

(Alhaji da yaronsa Ɗankore suna duba zanen teku a wajen mai zane.)

ALHAJI: Yaro, tekun nan naka ba shi da lafiya. Teku shuɗi ne. Ni da na gan shi ta tagar jirgin sama har sau bakwai!

ƊANKORE: Takwas, ranka ya daɗe.

MAI ZANE: Daga nesa shuɗi ne, Alhaji, launin sama yake ɗauka. Kusa da gaɓa ruwan ba zurfi, yashi na leƙowa ta ƙasa, sai ya koma kore-kore. Shi ya sa a nan gaba na gauraya shuɗin da kore da ɗan ruwan ƙasa.

ALHAJI: To kumfar fa? Farin fenti ne ya ƙare maka? Ka faɗa a taimaka.

MAI ZANE: Kumfa ma tana da inuwa. Da toka-toka mai sirkin shuɗi ake farawa. Fari tsantsa sai a ƙarshe, da wuƙar fenti, wuri uku ko huɗu a saman igiyar inda rana ta buga. In aka lafta fari ko'ina, tulin auduga za a gani.

(Alhaji ya karkata kai. Ɗankore ma ya karkata nasa, har ya fi na maigida.)

ALHAJI: Ruwan yana tsiyayewa hagu.

ƊANKORE: Wallahi har na ji damshi a ƙafata.

MAI ZANE: Da rula na ja layin da sama ta haɗu da ruwa. Santimita 20 daga saman kanbas, dama da hagu, wato kashi ɗaya cikin uku na tsayinsa. In ya faɗo tsakiya, ido ya rasa inda zai sauka. Ko za ka ɗan miƙe wuya, ranka ya daɗe?

ALHAJI: Wuyana a miƙe yake tun ba a haife ka ba. Wa ma ya koya maka?

MAI ZANE: Ina yawan nazarin aikin Aibazofski, wani mai zane na ƙasar Rasha, wanda ya yi zane kusan 6,000, galibi na teku.

ALHAJI: Shi? Mutumina ne. Bara ma mun gaisa.

MAI ZANE: A 1900 ya rasu.

ALHAJI: Allah sarki, kuma ba wanda ya sanar da ni.

(Ɗankore ya yi wa Alhaji ta'aziyya. Alhaji ya amsa.)

MAI ZANE: Ka ja baya taku huɗu. Za ka ga igiyoyin na ƙanƙancewa suna matsewa can nesa, launinsu na dushewa. Abin da ke kawo nisa ke nan.

(An ce baya, Alhaji ya yi gaba. Yatsa kuma ya riga hanci isa.)

MAI ZANE: Kada ka taɓa! Fentin mai ne, sama ta yi fata, ciki ɗanye. Shimfiɗar farko da tina nake tsinka ta don ta bushe da wuri, na sama in ƙara musu man linsid. In aka juya, sama ta riga ƙasa bushewa, zanen ya tsattsage. Man sheƙi ma sai bayan wata shida.

ALHAJI: Ai gwadawa na yi. Ka ci jarrabawa. Zan ɗauka, amma ka shuɗanta shi duka, ka sa ni a tsakiya cikin jirgin ruwa.

MAI ZANE: Kuɗin aikin fa?

ALHAJI: Kuɗi? Yaro, a falona za a rataye shi! Zan sa ka a Facebook, duniya ta san ka.

(Har yau dai ba a samu mai sayar da fenti da ke karɓar "duniya ta san ka" ba.)

ƊANKORE: Ranka ya daɗe, akwai kumfa a hannun rigarka.

ALHAJI: Wane launi?

ƊANKORE: Toka-toka... mai sirkin shuɗi.

ALHAJI: Fara ce.

ƊANKORE: Fara fat, ranka ya daɗe.