Hukumar NCAA ta zama kyanwar Lami a gaban manyan jami'o'in Amurka

A watan Yulin 2023 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i a Amurka, ta kammala binciken da ta yi wa ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Tennessee. Abin da ta tono ba kaɗan ba ne. An karya doka fiye da sau 200 a kaka ukun da koci Jeremy Pruitt ya ja ragamar ƙungiyar, daga 2018 zuwa 2020, kuma tuhume-tuhume 18 suna cikin rukunin laifi mafi girma a kundin hukumar. An kashe wa yaran da ake zawarci da iyayensu kimanin dala 60,000 ta bayan fage: kuɗin otal, kuɗin hayar gida, kuɗin asibiti, da tsabar kuɗi hannu da hannu. Har matar kocin tana cikin masu miƙawa. Shi kansa Pruitt ya taɓa danƙa wa mahaifiyar wani ɗan wasa 'yan ɗaruruwan daloli a cikin jakar takarda ta gidan abincin Chick-fil-A.

Sai hukunci ya fito: tarar dala miliyan 8, rage guraben tallafin karatu 28 cikin shekara biyar, soke nasarori 11 daga kundin tarihi, da sa ido na shekara biyar. Ba a hana ƙungiyar buga wasannin ƙarshen kaka ba, ko sau ɗaya.

Dala miliyan 8 kuɗi ne mai nauyi a kunne, amma bari mu yi lissafi. Tun a watan Janairun 2021 jami'ar ta kori Pruitt bisa hujjar cewa ya aikata laifi, kuma wannan hujjar ce ta kuɓutar da ita daga biyansa kusan dala miliyan 12.6 na ragowar kwantiraginsa. Kocin kuwa dama ba ya cin wasa, ya kammala kakarsa ta ƙarshe da nasara uku da rashin nasara bakwai. Ashe ke nan badaƙalar ta rage wa jami'ar asara fiye da abin da aka ci ta tara. Sashen wasanninta yana samun sama da dala miliyan 200 a shekara. A ƙarshen 2024 sai ga Tennessee cikin ƙungiyoyi 12 da suka fafata neman kofin ƙasa. In wannan shi ne horo, to duk shugaban jami'ar da ya iya lissafi ya riga ya gane darasin, kuma ba darasin da hukumar ke nufi ba ne.

Ga wanda bai saba bin wannan wasa ba, ƙwallon da ake magana ita ce wadda Amurkawa ke runguma su ruga da ita, ba tamola irin tamu ba. Kuma kada kalmar jami'a ta sa a ɗauka wasan yara ne. Filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, na Tennessee sama da 101,000. A 2022 rukunin gasar Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar talabijin ta shekara bakwai da ta haura dala biliyan 7. Duk wannan dukiya a kan ƙafafun samari 'yan shekara 18 zuwa 22 take, kuma ƙungiyar da ta fi iya zawarcinsu tun suna sakandare ita ke cin kofi. Shi ya sa aka shimfiɗa dokoki: ranakun da koci zai iya ganin yaro, sau nawa yaron zai ziyarci makaranta, abin da za a iya ciyar da shi, da wanda bai halatta ya sa baki ba, musamman attajiran tsofaffin ɗalibai masu zuba kuɗi a ƙungiya. Shi ya sa kuma ake karya su dare da rana.

Da can hukumar tana cizo. A watan Fabrairun 1987 ta yanke wa Jami'ar SMU da ke Dallas abin da Amurkawa suka laƙaba wa suna hukuncin kisa, wato ta rufe ƙungiyar na tsawon kaka guda cur, bayan an gano ana ci gaba da biyan 'yan wasa daga wani asusun ɓoye alhali jami'ar tana ƙarƙashin sa ido kan laifin baya. Jimillar kuɗin kusan dala 61,000 ce ga 'yan wasa 13, wato dai kusan daidai da na Tennessee. Gwamnan Texas na lokacin, Bill Clements, wanda ya taɓa shugabantar kwamitin gudanarwar jami'ar, ya fito ya amsa cewa da saninsa aka ci gaba da biyan. SMU ta soke kakar 1988 da kanta don ba ta da isassun 'yan wasa. Cikin shekara 20 da suka biyo baya sau ɗaya tak ta kammala kaka da nasara fiye da rashin nasara, kuma ba ta sake leƙa wasan ƙarshen kaka ba sai 2009. Ita kanta hukumar ta tsorata da ɓarnar da ta yi. Tun daga nan ba ta sake zare wannan takobin a kan wata babbar ƙungiyar ƙwallo ba.

Ba kewar wancan zamanin nake yi ba, domin shi ma da nasa zaluncin. A 2010 aka hana Jami'ar USC wasannin ƙarshen kaka na shekara biyu, aka kuma rage mata guraben tallafin karatu 30, saboda alfarmar da Reggie Bush da iyayensa suka karɓa daga masu son zama wakilansa. A lokacin Bush ya shekara huɗu da barin makarantar yana cin albashinsa a gasar ƙwararru ta NFL. Kocinsu, Pete Carroll, ya tattara komatsansa ya koma Seattle Seahawks 'yan watanni kafin a yanke hukuncin. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗa su ne yaran da suke makarantar sakandare, wasu ma ba su kai ba, lokacin da aka yi laifin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Don haka da NCAA ta sabunta kundin tsarin mulkinta a Janairun 2022 ta rubuta cewa a guji hukunta 'yan wasan da ba su ji ba ba su gani ba, mutane da dama sun ce madalla, ni ma na ce.

Matsalar ita ce an ɗauke sandar daga kan yaran, amma ba a sauke ta a kan kowa ba.

Michigan ce ta fi nuna haka ƙarara. Lokacin annobar korona, daga Maris na 2020 zuwa ƙarshen Mayun 2021, an haramta wa kowane koci ganawa ido da ido da yaran da yake zawarci. Hukumar ta gano cewa Jim Harbaugh ya gana da wasu, sannan da aka tambaye shi bai faɗi gaskiya ba. Ana cikin wannan sai wata ta kunno kai: wani ma'aikacinsa, Connor Stalions, yana saya wa mutane tikiti su je filayen abokan hamayya su ɗauki bidiyon alamun da kociyoyi ke yi wa 'yan wasansu da hannu, abin da doka ta hana. An dakatar da Harbaugh wasa uku a farkon kakar 2023, wasa uku kuma gab da wasannin ƙarshen kaka. Michigan ta ci wasanninta 15 duka, ta doke Washington da ci 34 da 13 ta ɗaga kofin ƙasa a Janairun 2024. Kafin watan ya ƙare Harbaugh ya sa hannu da Los Angeles Chargers ta NFL.

Bayan ya tafi ne aka fara ihu bayan hari. A Agustan 2024 aka ɗora masa takunkumin shekara huɗu, irin wanda ke tilasta wa duk jami'ar da ke son ɗaukarsa ta bayyana gaban kwamiti ta kare kanta. A Agustan 2025 aka ƙara masa shekara goma a kai, wanda ba zai ƙare ba sai 2038, lokacin yana da shekara 74. Mutumin da yake horar da ƙwararru, inda dokar NCAA ba ta kai ba, me wannan ya rage masa? Haka aka yi wa Antonio Pierce, wanda aka ba shi takunkumin shekara takwas a 2024 kan zawarcin da ya jagoranta a Arizona State lokacin korona, alhali yana zaune a kujerar babban kocin Las Vegas Raiders. Takunkumin yana cizon wanda ba shi da wurin gudu ne kawai. Pruitt, da ya samu na shekara shida, ya koma koyarwa a wata sakandare a jihar Alabama.

Ita kuwa Michigan, kwamitin da kansa ya rubuta cewa mai maimaita laifi ce kuma akwai isasshiyar hujjar hana ta wasannin ƙarshen kaka na shekaru, amma ya ce ba zai yi ba don kada a cutar da 'yan wasan yanzu. Ya mayar da hukuncin kuɗi, wanda 'yan jarida suka ƙiyasta zai haura dala miliyan 20. Kofin 2023 yana nan a hannunta, ba a soke ko wasa ɗaya ba. A shekarar 2025 ɗin dai aka hana ƙaramar Jami'ar Akron wasannin ƙarshen kaka saboda makin karatun 'yan wasanta na shekara huɗu ya gaza ƙa'ida. Dokar daban ce, na sani, amma su yaran Akron na yanzu wa ya tausaya musu? Marigayi Jerry Tarkanian, kocin ƙwallon kwando da ya shafe shekaru yana shari'a da hukumar, yana da wata ba'a da ta shahara, cewa in ran NCAA ya ɓaci da Kentucky sai ta ƙara wa Cleveland State hukunci. Kashin dankali ke nan, babba a sama, ƙarami a ƙasa.

Akwai masu cewa duk wannan surutun banza ne, tunda dokokin da aka karya su ma ba na adalci ba ne. Suna da gaskiyarsu. Shekara da shekaru kociyoyi suna kwasar miliyoyi yayin da ake hukunta yaro don an saya masa abinci. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara duka suka yanke wa NCAA hukunci a shari'ar Alston, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka bar 'yan wasa su samu kuɗi da sunansu da hotonsu. A Fabrairun 2024 wani alƙalin tarayya ya dakatar da hukumar daga aiwatar da dokokinta kan amfani da irin wannan kuɗin wajen zawarci, a ƙarar da jihohin Tennessee da Virginia suka shigar. A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya sa za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8, kuma kowace jami'a za ta iya raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. An ma mayar wa Reggie Bush kyautarsa ta Heisman, ta gwarzon ɗan wasan ƙwallon jami'a, wadda ya rasa bayan badaƙalar USC, a 2024. Abin da aka rufe SMU a kansa, yau da rasidi ake yinsa.

To amma rashin adalcin doka bai wanke wanda ya karya ta a ɓoye ya ci riba a kan waɗanda suka bi ta ba. Kocin da ya zauna gida lokacin korona yana yi wa yara magana ta bidiyo, ya rasa su ga wanda ya shigo da su makaranta a asirce, shi ma an cuce shi, kuma wataƙila shi aka kora daga baya don ba ya cin wasa. Kuma yanzu da aka sa iyaka ga abin da za a raba, sabuwar hanyar maguɗi ta buɗe: wuce iyakar ta ƙarƙashin tebur, da zuga ɗan wasan wata makaranta ya sauya sheƙa tun bai bayyana niyya ba. Buƙatar hukunci mai zafi ƙaruwa ta yi.

Hujjar tausaya wa yara ma ta yi rauni. A zamanin USC ɗan wasa kan zauna shekara guda ba ya buga wasa in ya sauya makaranta, sai in an yi masa sassauci na musamman. Yau yana iya tashi ya koma wata jami'a ya buga nan take. In aka sanar da haramci da wuri, aka ba kowa damar tafiya da tallafin karatunsa, wanda zai ji zafin shi ne jami'ar da attajiranta. Masu bin ƙwallon Turai sun san yadda ake yi: a 2006 an mayar da Juventus rukuni na biyu an kuma ƙwace mata kofunan lig biyu, ba wanda ya ce a bari saboda 'yan wasa. Tara kuwa, in dai ba ta fi ribar laifin ba, farashi ce kawai, kuma mai kuɗi zai biya ya sake.

Maganar koci ya tsere zuwa NFL ma ba ta rasa magani ba, don an taɓa yi. A 2011 ɗan wasa Terrelle Pryor na Jami'ar Ohio State, wanda aka dakatar wasa biyar saboda ya sayar da kayan karramawarsa na kansa ya kuma karɓi rangwamen zanen jiki, ya bar makaranta ya shiga NFL. Shugaban gasar, Roger Goodell, ya bi shi da dakatarwar wasa biyar ɗin har can. Yaro ɗan shekara 22 aka yi wa haka. Da aka zo kan Harbaugh da Pierce, ofishin Goodell bai motsa ba.

NCAA ba ta da ikon tilasta wa kowa ba da shaida, ba kotu ba ce, kuma jami'o'in da take bincika su ne mambobinta masu samar mata da kuɗi. Sulhun 2025 ya ɗauke mata aikin sa ido kan biyan 'yan wasa, ya miƙa shi ga wata sabuwar hukuma ƙarƙashin Bryan Seeley, tsohon mai gabatar da ƙara da ya yi aikin bincike a gasar besbol. Duk cinikin talla da ya kai dala 600 dole ɗan wasa ya kai rahotonsa a tantance. Sai dai manyan rukunan gasar, waɗanda Michigan da Tennessee ke ciki, su ne suka kafa wannan hukumar, su suka zaɓi shugabanta, kuma gare su yake kai rahoto.