Ba taurin kai ne ke damun tsofaffinmu ba

Makon jiya na tarar da Inna zaune a kan tabarma, ta baje ledar magunguna a gabanta, ta kawo takardar cikin kwali dab da idonta tana jujjuyawa. Rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, kuma da Turanci. Ita kuwa makarantar allo ta yi. Ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, wanne ne na jini, wanne ne na suga?"

Ashe kwana tara ke nan rabonta da maganin hawan jini. Ƙafarta ce ta kumbura, sai wata jikarta ta kunna mata saƙon murya a WhatsApp, wani yana rantsuwa cewa maganin asibiti ne ke kashe ƙoda. Ta tsorata ta ajiye. Alhali kumburin ƙafa sanannen abu ne ga wasu masu shan maganin hawan jini mai suna amlodipine, likita kan rage shi ko ya canza wani. Hawan jinin da aka ƙyale shi ne ke lalata ƙoda, shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki, kuma sau da yawa ba ya nuna alama.

Da na fara yi mata faɗa, sai na tsaya na yi tunani. Matar nan ta bi layi tun safe, ta ga likita na minti biyar. An ce jininta ya wuce 140 bisa 90, ba wanda ya gaya mata ma'anar lambobin. Kunne ya yi nauyi, ido ya yi rauni, ga kunya ta hana ta cewa ba ta gane ba. Ta fito da magunguna huɗu, kowanne da lokacinsa. A bakin titi kuma ga mai lasifika yana cewa kwalba ɗaya ta isa, da Hausa tsantsa. Wallahi ko ni ne, maganarsa ce za ta fi zauna min a kai.

Mu 'ya'ya muna da laifi babba. Mu tura kuɗin magani, mu ɗauka mun sauke nauyi, mu bar su da aikin tantance gaskiya su kaɗai.

Na koma da ita asibiti, aka canza maganin. Na roƙi mai ba da magani ya maimaita bayanin a hankali da Hausa, na naɗa a wayarta. Na jini bayan sallar Asuba, na suga, wato metformin, tare da abinci. Kwalin na jinin kuma na ɗaura masa jan zare.