Laifin Kafireto Ne, In Ji Ni

Babur ɗin na yayana ne, mai taya huɗu, ɗan Chana, injinsa 150cc irin wanda ake kira GY6. Da shi ake zagaya gidan gona. Wata biyar ya yi a rumfa, damina ta fara ta ƙare a kansa, da rabin tanki na man 'yan bumburutu a cikinsa. Yaya ya ce a kira bakanike. Na ce a ba ni kuɗin bakaniken kawai, ai wanda ya iya janareto ya iya wannan.

Minti ashirin na farko a kan batir na ɓata su. Ina danna sitata, ko tari bai yi ba. Na kankare kan batir, na ƙara ɗaure waya, har na fara lissafin kuɗin sabo. Sai ɗan yayana mai shekara tara ya ce, "Baffa, Abba sai ya matse birki yake dannawa." Gaskiyarsa. Irin waɗannan baburan akwai ɗan makunni a jikin hannun birki, in ba a matse ba wuta ba ta isa sitata. Na ce masa gwada shi nake yi in ga ko yana lura.

Na matse, inji ya juya, amma bai tashi ba. Na sa sufana 16 na kwance fulogi, C7HSA ne, tazarar bakinsa kuma 0.6 zuwa 0.7 na milimita ya kamata ta kasance. Ana mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, a danna sitata a duba tartsatsi. Jinginawa ake yi a janye hannu. Ni riƙewa na yi. Wuta dai akwai ta, shuɗiya mai kyau, kuma zan iya ba da shaida a gaban alƙali cewa tana kaiwa har kafaɗa.

Bakin fulogin a bushe yake ƙayau, alhali na daɗe ina juya inji. Fulogi jiƙaƙƙe mai ya yi yawa ke nan, busasshe kuwa mai bai iso ba. Na zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabon fetur ta ramin fulogi, na mayar, na danna. Ya tashi da ƙara, daƙiƙa uku, ya mutu. To an gama magana: wuta lafiya, matsin inji lafiya, hanyar mai ce.

A ƙasan kafireto, wato abin da ke haɗa mai da iska ya ba inji, akwai ɗan kwano da mai ke taruwa, da sukuru na zubarwa a gindinsa. Na tara farar gora na kwance. Abin da ya fito launinsa kamar shayin da ya kwana, warinsa na fenti, a ƙasan gorar kuma ga ƙwallayen ruwa suna birgima, don ruwa ya fi fetur nauyi. Tankin da ba a cika ba yana shaƙar iskar damina, raɓa ta taru a bangonsa ta gangara ƙasa. Shi kuma fetur in ya daɗe, ɓangaren da ke saurin kamawa ya tsere, ya bar danƙo.

Na zare tiyon mai daga kafireto, ko ɗigo. Nan ma na kusa yanke hukunci, sai na lura famfon man ba irin na murɗawa ba ne. Tiyo uku gare shi: ɗaya daga tanki, ɗaya zuwa kafireto, da wani siriri da ya tafi wuyan inji. Idan inji na juyawa yana zuƙar iska ta siririn, wata 'yar roba a ciki ta ja baya, mai ya wuce. Inji a kashe, famfo a rufe. Gwajinsa shi ne a zuƙi siririn a ga ko mai zai zubo ta ɗayan. Da sirinji ake yi. Ni da baki na yi, kuma ba siririn na kama ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Kwana biyu in na yi gyatsa matata sai ta leƙa kicin ta duba risho.

Famfo dai lafiyarsa lau. Na juye tankin kaf, na ɗauraye shi da sabon mai, na canza 'yar matatar da ke kan tiyo. Tana da kibiya a jiki, bakin kibiyar kafireto yake kallo.

Sai babban aiki. Na sassauta zoben gaba da na baya, na cire wayar totur da soket ɗin cok, kafireto ya fito. Sukurorin kwanon nan kansu laushi ne da shi kamar alewa, sai an danna sukudireba da ƙarfi kafin a murɗa, in ba haka ba kan ya cinye. Ɗaya ya cinye, da filaya na fitar da shi. Cikin kwanon kore shar, kamar gindin randa.

Jet biyu ne a ciki, na tagulla, wato 'yan sukurori masu rami da mai ke bi. Babban shi ke ba da mai in an buɗe totur sosai. Ƙaramin, sulo jet, shi ke da tashi da tsayuwar inji a sulo, kuma shi ke fara toshewa don raminsa kamar gashi yake. Nawa 35 aka buga a jikinsa, wato kusan sulusin milimita. Na ɗaga shi ga rana, babu haske ko kaɗan. Kada a sa masa allura. Ƙarfe ya fi tagulla tauri, zai buɗa ramin, daga nan inji ya riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi har sai an sayi wani jet ɗin. Silin waya ɗaya na jan ƙarfe daga tsohuwar wayar lantarki ya isa, a jiƙa jet ɗin a man wanke kafireto, a zura a hankali, a hura, a sake ɗagawa ga rana har ramin ya fito zagaye.

Abin da ban yi ba shi ne shimfiɗa tire ko farin ƙyalle. A kan yashi na zauna. Ɗan siririn ƙarfen da ke riƙe fulot, wato robar da ke yawo a saman mai tana rufe ƙofa in kwano ya cika, ya zame ya faɗi. Na ari rariyar matar mai gadi, na tankaɗe yashi ya fi kwano goma, yara sun kewaye ni suna tambaya ko tuwo za a yi. Daga ƙarshe maganaɗisun tsohuwar sifika ne ya kamo shi, a cikin naɗin ƙafar wandona.

Sukurun daidaita mai kafin a cire shi ana murɗa shi ciki a hankali ana ƙirgawa har ya zauna, don a san inda za a mayar. Nawa biyu da rabi ne. Bayansa akwai sifirin, da washa, wato ɗan zoben ƙarfe, da zoben roba ƙanƙane, kada ɗaya ya ɓata. A saman kafireton kuma akwai faifan roba mai ɗaga allurar mai. Man wanki ba ya taɓa shi, kumbura yake ya ƙi komawa mazauninsa. A duba shi a rana kawai, huda ko ta ƙaya ce inji ba zai ja ba. Gwajin fulot kuwa da baki ne, wannan karon halal: a hura ta inda mai ke shiga, kafireto a tsaye iska ta wuce, a kife shi ta tsaya.

Na haɗa, na zuba lita uku daga gidan mai. Sai da na juya inji sau huɗu, daƙiƙa biyar-biyar da hutu a tsakani, kafin kwano ya cika. Ya tashi! Cok ɗinsa na lantarki ne, yana riƙe sulo sama na 'yan mintuna sannan ya sauke da kansa. Ban jira ba na ƙara murɗa sulo, kuloci ya kama, babur ya kama hanyar garken awaki ba kowa a kai. Na kamo shi a bakin shinge.

Na hau, na yi zagaye, yara na tafi. Minti bakwai, a can ƙarshen gona, ya yi tari biyu ya mutu. Na buɗe murfin tanki na leƙa, mai na nan. Na turo shi har rumfa, kuma duk wanda ya ce taya huɗu ta fi biyu sauƙin turi bai taɓa yi a yashi ba. Na ce saura datti. Na sake kwance kafireto, na wanke, na haɗa, ya tashi, na yaba wa kaina. Minti bakwai, wuri ɗaya, kamar an yi masa kiranye. Na buɗe murfi, mai na nan. Na turo. Na kwance karo na uku.

La'asar sakaliya na kira bakanike a ɓoye. Bai ma zo ba, yaron shagonsa ya aiko, ɗan shekara sha huɗu da silifa wari-wari. Ya saurari bayanina har ƙarshe da ladabi. Ya ce in hau in je ya mutu. Ya biyo ni a ƙafa, da ya mutu ya ce, "Oga, yi shiru." Ya kara kunne ya murɗa murfin tanki. Fuuus.

Ana zaton wuta a maƙera. Murfin yana da siririn tiyo na numfashi da ake cusawa ta wajen sitiyari. Mai na sauka, iska na shiga ta nan ta maye gurbinsa. In ya toshe, tanki ya zama kamar gorar da aka kife aka toshe gindinta, mai ya yi ta raguwa har ya tsaya, inji ya shanye na kwano ya mutu. Duk buɗe murfin da nake yi in leƙa, ni ne nake gyara babur ɗin ban sani ba, sannan in tura shi gida in ba kafireto lada.

Yaron ya zura sifok ɗin keke a tiyon. Busasshiyar laka ta zubo, da 'yar tsutsa a ciki. Zanzaro ne ya yi gini, har da ajiye wa 'ya'yansa abinci.

"Oga, amma kafireton ya wanku," in ji shi. Na biya shi kuɗin aiki, na ƙara masa na riƙe baki.

Na yanki gidan sauro na ɗaure a bakin tiyon da kyauro, iska ta wuce, baƙo ya tsaya. Washegari da safe na tarar da mai ginin yana shawagi a wurin da laka a baki, ya zagaya sau uku, sannan ya juya ya nufi salansa.