Orangutan ba ma'aikacinka ba ne

Tun da na dawo daga jihar Sabah ta ƙasar Malesiya nake son in kama bakina a kan mutumin nan na Sepilok, cibiyar renon orangutan, manyan biran nan jajaye, amma abin ya ƙi barin raina. Waɗanda suka ga abin da na ɗora ranar Alhamis sun san labarin, kuma na ga wasunku har suna ba shi gaskiya, wai ai kuɗinsa ya biya. To ba shi da gaskiya ko ta ƙwayar zarra. Mutum ya tsaya gaban dandamalin da ake ajiye wa orangutan abinci, ya yi minti arba'in bai ga ko ɗaya ba, sai ya hau ma'aikacin wurin da faɗa, wai a mayar masa da kuɗin tikitinsa, an yaudare shi. Wa ya yaudare ka, bawan Allah? Da wa ka yi alkawari?

Dabbar daji ba ma'aikaciyarka ba ce. Tikitin da ka yanka ƙofar daji ya buɗe maka, bai ɗaure maka dabba a turke ba.

Sepilok ba gidan zu ba ne, kuma duk wanda ya shiga ana gaya masa haka tun daga bakin ƙofa. A 1964 aka kafa wurin, kusa da garin Sandakan a ɓangaren Malesiya na tsibirin Borniyo, domin marayun orangutan da aka kashe iyayensu ko aka ƙwato daga hannun masu ajiye su a gida. Ana koya musu abin da uwa za ta koya musu: hawan bishiya, neman abinci, yin sheƙar kwana a saman reshe. In sun iya, a sake su cikin dajin Kabili-Sepilok mai faɗin hekta sama da 4,000. Ayabar da ake ajiyewa ƙarfe 10 na safe da 3 na rana tallafi ce kawai ga waɗanda ba su gama tsayawa da ƙafarsu ba. Ranar da babu orangutan ɗin da ya zo, itatuwa sun yi 'ya'ya ke nan, kowa ya ƙoshi a cikin daji, babu mai buƙatar hannun mutum. Abin da ya fusata mutumin nan shi ne ainihin abin da ma'aikatan suka yi shekaru suna wahala a kai. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wani ya rubuto mini cewa in tausaya masa, ya taso daga nesa, hutun mako guda gare shi. Ni ma daga nesa na taso. Ni ma kwana bakwai gare ni, biyu sun tafi a jirgi. Nisan tafiyarka bai ɗora wa dabba bashi ba. Wata kuma ta ce ai da sai su yi wata dabara dabbobin su riƙa fitowa kullum. Wace dabara? Dabarar da ake sa dabbar daji ta fito a kan lokaci ba ta wuce biyu ba: yunwa ko sarƙa. Duk inda aka yi maka alkawarin lallai za ka rungumi jaririn biri a ɗauke ka hoto, tambayi kanka ina uwarsa. Uwar orangutan ba ta sakin ɗanta tana da rai. Takan goye shi shekara shida zuwa takwas, kuma ba ta sake haihuwa sai bayan kusan shekara bakwai ko takwas. Ka lissafa asarar da hotonka guda ya jawo.

Kuma ba wai suna da yawa ba ne balle a yi wasa da su. A 2016 aka sa orangutan na Borniyo cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Wani bincike da aka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa sama da 100,000 ne suka salwanta a tsibirin tsakanin 1999 da 2015. Ba sai ka karanta bincike ba ma. Shiga mota daga Sandakan ka nufi kogin Kinabatangan, ka duba ta taga: gonakin kwakwar manja ne layi-layi, dama da hagu, har idonka ya gaji. Da duk daji ne. Dabbar da aka ci gidanta har haka, ita ce kake jin haushin ba ta zo ta gaishe ka ba?

Sau uku muka shiga kwale-kwale a Kinabatangan, kogin da ya fi kowanne tsawo a Sabah, wajen kilomita 560. Giwayen Borniyo, ƙananan nan, su na fi ƙwallafa rai a kai, kuma ban gan su ba. Sawunsu kawai muka gani a taɓo. Mun ga birai masu dogon hanci suna taruwa a bishiyoyin bakin ruwa da yamma, mun ga kada kwance kamar gungume, mun ga cilakowa biyu sun tsallaka kogi. A safiyar ƙarshe matuƙin ya kashe inji bai ce uffan ba, ya ɗaga hannu sama. Can ƙololuwar wata bishiya, ga orangutan guda, jajir, ya ba mu baya yana cin abinsa. Bai kai minti biyu ba ya shige ganye. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi, domin babu wanda ya kira shi, babu wanda ya tilasta masa, kuma bai san muna nan ba. Wannan ba a sayensa, kuma shi ne mutumin nan ya kasa ganewa.

Abokin da ya kai mu can, tare muka yi karatu, rabona da shi shekara goma sha biyar. Furfura ta fito masa, 'ya'yansa uku, babbar har ta kusa shiga jami'a. Daren ƙarshe ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, muka zauna a baranda mu huɗu har kusan asuba, muna kiran sunayen 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun rasu ban ma sani ba, Allah ya jiƙansu. Mahaifin abokin nawa ido ya yi rauni, amma ina yin sallama ya gane muryata. Akwai wani hoto da muka ɗauka a ƙofar ɗakin kwananmu ranar da muka gama jarrabawar ƙarshe, duk mun neme shi mun rasa. Na san cikinku akwai waɗanda muka yi zamani tare. Duk wanda yake da shi, don Allah ya turo mini.